Ɗan Gwaggo, Ka Saki Wuyan Hoton Nan

Gaisuwa ga Injiniyan Dishi-dishi, mai shagon buga fasta da kalanda a Kagoma, gwanin da ake ba shi hoton amarya ya mayar da ita abin tsoratar da yara, ya kuma miƙa hannu a ba shi cikon kuɗinsa ko kunya babu. Ina gaisuwa, taubashina. Na san tun daga kanun nan ka fara tsaki kana cewa ɗan Kawu ya sake tasowa. Na taso kuwa. Gyara zama ka karanta, ai ba wani aikin kake yi ba: an ɗauke wuta, janaretonka kuma har yanzu yana jiran ranar da za ka ji tausayinsa ka kai shi wajen gyara.

Ƙarar da ake kawowa a kanka guda ɗaya ce, masu kawo ta ne ke da yawa. Duk wanda ya zo maka da ɗan mitsitsin hoto ya ce a buga masa babba, sai ka jefa shi cikin CorelDRAW, ka cafki kusurwa da linzami, ka ja, ka ƙara ja, har sai ya cika shafi. Ranar da kake sauri ma ba kusurwar kake kamawa ba, gefe kake kamawa, sai siririn mutum ya yi kumatu, kansa ya baje, kunnuwansa su yi hannun riga da juna. In mai hoto ya zo yana ƙorafi, ka ce laifin firinta ne. In ya matsa, ka ce tawada ce ta jabu. In ya ƙara matsawa, ka dube shi sama da ƙasa ka ce, "To ai haka kake." Allah ya shirye ka, Ɗan Gwaggo.

Kada ka ce na zo tozarta ka. Wajen zaɓen launi hannunka na da kyau, wannan ko maƙiyinka ya sallama, kuma ba ka cika ɓata sunan mutane a katin biki ba sai in sunan ya wuce gaɓa biyu. Abin da ke ba ni haushi shi ne ƙasar da kake zaune a kanta. Nan kusa da kai, a yankin Jama'a, a farkon shekarun 1940 aka tono wani kan mutum na yumɓu a wurin haƙar kuza. Wanda ya tsince shi ya kai gonar doya ya kafa don korar ɓarna, har labarinsa ya kai ga Bernard Fagg, wanda ya lura da kamanninsa da wani da aka samu a Nok a 1928. Kan nan ya haura shekara 2000, amma har yau idonsa a buɗe, hancinsa a tsaye, gyaran gashinsa a fili. Mutanen da ba su da lantarki suka fitar da fuska tangaran, kai da kwamfuta da firinta mai faɗin ɗaki kana fitar da hazo. Garin da ya haifi gwamna guda, marigayi Patrick Ibrahim Yakowa, bai cancanci wannan daga gare ka ba.

To bari in koya maka, tunda Gwaggo ta biya kuɗin makaranta amma kai kasuwar Kafanchan ka riƙa zarcewa. Hoto a kwamfuta ƙananan murabba'ai ne da aka jera layi-layi, tsaye da kwance, kowanne da launinsa guda tak. Su ne fiksel, ni dai ɗigo zan riƙa ce musu don kada harshenka ya harɗe. Hoton farko da aka shigar cikin kwamfuta ta hanyar sikana, wani Ba'amurke ne mai suna Russell Kirsch ya yi shi a 1957, hoton jaririn ɗansa, ɗigo 176 a kwance, 176 a tsaye. Duka-duka 30,976. Abin da na'ura ta ɗauka ke nan ranar, kuma ko duniya za ta taru a kansa ba za a tatso na 30,977 daga cikinsa ba. Riƙe wannan da kyau, don duk sauran maganar a kansa take tsaye.

Yanzu sai lissafi, abokin gabarka. In ka ninka faɗin hoto da tsawonsa sau 2, gurbin kowane ɗigo ya zama gurbi 4. Ɗaya kake da shi, uku babu. In sau 4 ne, 15 cikin 16 babu. In sau 10 ne, irin naka, 99 cikin 100 babu su, dole kwamfuta ta san yadda za ta cike guraben. Abin da ta saba yi, in ba a ce mata kome ba, shi ne ta dubi ɗigogin da ke maƙwabtaka ta gauraya launinsu. Wata hanyar 4 take dubawa, wadda aka fi amfani da ita a Photoshop, Bicubic, 16 take dubawa. Inda baƙi ya yi iyaka da fari, sai ta shimfiɗa toka-toka a tsakani, mai duhu, mai haske, har iyakar ta ɓace. Dishi-dishinka ke nan. Kofi ɗaya na kunu gare ka, baƙi goma suka sauka, ka tuttula ruwa. Kowa ya samu kofi cike, ba wanda ya sha kunu. Na san ka gane wannan, don haka kake yi mana duk sanda muka zo gidanka.

Inda kake tafka babban kuskure shi ne ka ɗauka hoto duk hoto ne. Iri biyu ne, kuma maganin wannan guba ne ga wancan. Akwai wanda aka zana shi ɗigo-ɗigo da gangan, kowane murabba'i mutum ne ya ajiye shi a inda yake. Ka tuna Nokia 3310 ɗinka, wadda ta fito a 2000 amma kai ba ta iso hannunka ba sai da duniya ta gama yayinta? Fuskarta ɗigo 84 ne a kwance, 48 a tsaye. Macijin nan da ka ƙarar da ƙuruciyarka kana kora, da ɗan hoton ambulan na saƙo, da sandunan caji, duk a cikin ɗigo 4,032 aka zana su. Haka Mario na Nintendo, na 1985, da muke biyan kuɗi mu buga a shagon gem: allon wasan gaba ɗaya 256 ne da 240, shi kansa ƙaramin Mario bai wuce gida 16 da 16 ba. Irin waɗannan zane-zane kyansu a kaifin gefensu yake. Ka gauraya launinsu, ka kashe su.

Maganinsu kuwa ya fi kome sauƙi, shi ya sa ya gagare ka. Ka hana kwamfuta yin wayo. A Photoshop, wurin sauya girman hoto, akwai jerin zaɓi, ka ɗauki wanda aka rubuta Nearest Neighbor. A GIMP, wadda kyauta ce, irin abin da kake so, ka zaɓi None. Ma'anar umarnin ita ce kowane sabon gurbi ya kwafi launin ɗigon da ya fi kusa da shi, ba gauraye, ba ƙari. Ɗigo ɗaya baƙi ya zama babban murabba'i baƙi ƙirin, gefensa a tsaye cak. Fuskar Nokia ɗin nan ka ninka ta sau 10, ka samu 840 da 480, macijinka ras da shi.

Amma da sharaɗi, kuma nan ne na san za ka zame. Ninkin ya zama cikakken adadi: kashi 200 cikin 100, ko 300, ko 400, ko 1000. Kai kuwa da ido kake awo, ka ja har inda ranka ya kwanta, ya tsaya a 250 ko 337. A ninki biyu da rabi, ba yadda za a raba gurbi gida biyu, don haka wani ɗigon zai samu gurbi 2, na kusa da shi ya samu 3. Layin da aka zana kauri ɗaya sai ya fito nan siriri can kakkaura, idon Mario ɗaya ya fi ɗaya. In lallai girman da ake so bai faɗa kan cikakken adadi ba, ka fara ninkawa da cikakken adadi ya ɗan wuce abin da kake nema, sannan ka rage kaɗan. Ko kuma ka bar shi a cikakken adadin, ka cike gefe da farin fili. Fili ba ya cizo, Injiniya. Ba dole sai ka cusa fure da tauraro da kurciya a kowane lungu na takarda ba.

Kada ka ce ai kai ba mai buga Mario ba ne, wannan bai shafe ka ba. Ya shafe ka, don kullum ana kawo maka lambar QR a sa a fasta, ta biyan kuɗi ko ta rajistar taro. Wannan ita ce sarauniyar zanen ɗigo. Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro ta a 1994, mafi ƙanƙantarta gida 21 ne da 21, baƙi da fari kawai. Waya tana karanta ta ne da bambance baƙin gida da farin gida, kai kuma ka ɗauko ta daga hoton fuskar waya da aka tura sau uku, ka ja ta, ka tuttula mata ruwan nan naka. Aka kafa fastar a bakin coci, bayin Allah suka yi layi suna ɗaga waya, suna matsowa, suna ja da baya, wani har da goge kyamara da bakin riga. Da ka ninka ta da cikakken adadi, ka bar mata farin fili a kewaye, ka adana ta a PNG, da tuni an wuce wurin. JPEG, da kake adana kome da shi har da takardar haihuwarka, yana yanka hoto gida-gida, 8 da 8, yana zubar da abin da yake ganin ido ba zai lura ba. A hoton gona ba laifi. A gefen baƙi da fari kuwa ƙura yake bari, kuma duk sanda ka sake adanawa ƙurar ƙaruwa take.

Na ji ka kana gunaguni cewa in an yi haka layin da ya karkace yana fitowa hawa-hawa. Gaskiyarka, yau ɗaya dai ka faɗi abin kirki. Masu wasannin kwamfuta sun riga ka damuwa da wannan. Wajen 1992 wani mai suna Eric Johnston a kamfanin LucasArts ya fito da dabarar da ake kira EPX. Kowane ɗigo za a mai da shi 4, amma kafin nan a dubi na samansa, da na ƙasansa, da na dama, da na hagu. In na sama da na hagu launinsu ɗaya, sauran kuma sun saɓa, to ɗan gurbin kusurwar sama ta hagu ya ɗauki launinsu. Haka sauran kusurwoyin. Ba a kawo sabon launi ko ɗaya ba, amma matakalar ta ragu, gefe kuma bai dusashe ba. A 2003 Maxim Stepin ya kawo hqx, mai duba maƙwabta 8. A 2011 Johannes Kopf na Microsoft da Dani Lischinski suka nuna yadda za a mai da irin wannan zane ya koma lanƙwasassun layuka da za a iya ƙara wa girma yadda aka ga dama, har masu Inkscape suka sa dabarar a manhajarsu. Dubi manyan masana da suka zauna suka yi ta tunani a kan ɗan Mario mai gida 16. Kai kuwa fuskar surukarka aka ba ka, ko minti biyu ba ka yi mata ba.

Tambarin makaranta ko na ƙungiyar manoman citta da ake turo maka ɗan ƙuƙut, wannan ba sai an je da nisa ba. Sake zana shi za ka yi da layi, yadda kwamfuta za ta riƙe shi a matsayin lissafin lanƙwasa maimakon ɗigo, sai ya tashi daga kan biro har allon talla na mahaɗar Kafanchan bai girgiza ba. A cikin CorelDRAW ɗin da kake buɗewa kullum akwai PowerTRACE mai yin rabin aikin, sauran rabin ka gyara da hannu, rubutun kuma ka sake buga shi da kanka. Na san matsalar: aikin awa guda ne, kai kuma a wannan awar ce ake hirar ƙwallo a shagon mai shayi.

Sai iri na biyu, hoton da kyamara ta ɗauka, musamman fuskar mutum. A nan wasa ya ɗan ragu, don maganar Kaka ce. Da za a yi taron tunawa da ita, aka ce a buga kalanda, ka ɗauko ɗan hotonta daga wayar wani, ka ga ya yi hazo, ka zuba shi cikin manhajar nan ta gyaran fuska da ƙirƙirarriyar basira. Ya fito garau, ba musu. Fata sumul, haƙora jere, ido na sheƙi. Sai dai tsagar fuskarta ta tafi, wushiryarta ta toshe, tamojin goshin da take yi mana in mun ci mata gyaɗa ya baje. Gwaggo ta daɗe tana kallon kalandar kafin ta tambaya ko wannan baiwar Allah daga wane gida take. Uwar da ta haife ta! Kai kuma kana gefe kana washe baki kana jiran yabo.

Abin da manhajar ta yi, ta ga dubban dubatan fuskoki a lokacin da ake horar da ita, sai ta cike guraben da babu da abin da ta saba gani. Ƙirƙira take, ba tono abin da ya ɓuya ba. Tun wajen 2014, da masu bincike a Hong Kong suka horar da kwamfuta a kan wannan aiki, abin ke ta ƙara kyau, kuma ƙarin kyan nan shi ne haɗarinsa, don kallon kitse ake yi wa rogo. A 2020 masana a Jami'ar Duke ta Amurka suka fitar da wata mai suna PULSE. Wani ya ba ta hoton Barack Obama da aka rage wa ɗigo, ta dawo masa da fuskar Bature fari sol, garau da ita. Fuskar da duniya duka ta sani ke nan, balle ta Kaka da ba ta taɓa wuce Jos ba. Yawancin fuskokin da aka horar da irin waɗannan na'urori da su ba na mutanenmu ba ne, tsaga kuwa a wurinsu datti ne da ya kamata a goge. A watan Maris na 2024 wani alƙali a jihar Washington ya ƙi karɓar bidiyon waya da aka gyara ta wannan hanya a matsayin shaida a shari'ar kisa, saboda abin da ke ciki ya tashi daga abin da kyamara ta gani. Alƙalin Amurka ya ƙi, Gwaggo ta ƙi, kai kaɗai ka yarda.

Ban ce ka jefar da ita ba. In ninki biyu ne, a hoton gini, ko ganye, ko ruwan Matsirga da kake son mannawa a bayan kowane ango da amarya, tana taimakawa ƙwarai. Ko a fuska ma, in an taɓa kaɗan aka kuma ajiye na asali a gefe ana gwadawa, ba laifi. Amma wanda ya san mai fuskar ne zai ce ta yi ko ba ta yi ba.

Maganin gaskiya dai a ƙafarka yake: tashi ka nemo hoton asali. Waya mai kyamarar megafiksel 12 tana ɗaukar 4000 da 3000. In aka tura ta WhatsApp yadda aka saba, sai ya matse shi ya koma wajen 1600 a dogon gefe, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin shida ba. Tun 2023 sun sa maɓallin HD, ya fi da, amma shi ma yana matsewa. Ka ce a turo maka shi a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu, zai zo yadda yake. In tsohon hoto ne na kati, irin na cikin akwatin Gwaggo, ka hau babur ka je ka karɓo, ka sa a sikana. Kati mai inci 4 da 6, in ka ɗauke shi a ɗigo 600 kowane inci, zai ba ka 2400 da 3600. Takardar A4 a ɗigo 300 kowane inci, wanda shi ne ma'aunin abin da za a riƙe a hannu a kalla, tana son 2480 da 3508. Ka ga kusan ya cika ta ke nan, ba ka roƙi kowace na'ura ta yi maka ƙarya ba. Abin da ba na so in sake gani shi ne ka ɗauki hoton katin da wayarka, a karkace, da inuwar babban yatsanka a kusurwa.

Fleks kuwa, wato babban allon talla, ya fi sauƙin kai, don daga nesa ake kallonsa. Hoton nan mai 4000 in ka shimfiɗa shi a faɗin ƙafa 6, inci 72 ke nan, kowane inci ya samu ɗigo 55, kuma daga tsallaken titi ba mai ganin aibinsa. Amma ɗan hoton fuskar Facebook mai 200 da 200 da ɗan takarar kansila ya turo maka, a wannan faɗin ko ɗigo 3 ba zai samu a inci ba, kowane ɗigo ya kusa santimita guda. Mutumin ya faɗi zaɓe, har yau yana zargin maƙiya. Ni na san inda maƙiyin yake zaune, har da lambar shagonsa.

Saura abu ɗaya, wanda ya fi duk lissafin nan wuya a wurinka: ka iya cewa ba zai yiwu ba. Mutanen nan da citta suke samun kuɗin da suke kawo maka, kuma tun cutar da ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023 ka san yadda aljihu yake. Wanda ya ƙirgo kuɗinsa don ya ga fuskar mahaifinsa a bango, ka gaya masa tun kafin ka karɓa cewa wannan hoton iyakarsa tafin hannu. Ka buga masa shi ƙarami, mai kyau, ka sa shi tsakiyar fili, rubutu ya ɗauki sauran wurin. In kuwa ka riga ka karɓa, to kowa ya ci ladan kuturu ya san sauran.

Na san za ka rama, kuma ina jira. Za ka tono maganar kuɗin shara, za ka ce ni da ko fitilar wayata ban iya kashewa ba sai yara sun taimaka, wa ya ba ni bakin koyar da injiniya. Rubuto duk abin da ka ga dama, filin nan naka ne. Amma kafin nan ka je wurin Gwaggo ka karɓo katin Kaka na cikin akwati, ka sake buga kalandar da tsagarta da wushiryarta, da kuɗinka, ka aiko mini da guda biyu ta motar Kafanchan. Ka gaida matarka, ka ce mata muna nan muna yi mata addu'ar ƙarin haƙuri.